Ziyarar Matsirga a damina tana buƙatar ɗan jagora da tsari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke ƙara karɓuwa a wurin matasanmu na Kaduna, wato haɗa ƙungiya a lokacin dogon hutun makaranta, a yi hayar bas, a tafi hawan duwatsu da kallon magangarar ruwa a dawo a rana guda. Ina cikin masu murna da wannan abu, domin jiharmu tana da wuraren da ya kamata 'ya'yanta su sani da idonsu, kuma na gaba a cikinsu shi ne Matsirga, kusa da Madakiya, daf da Kafanchan.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya fahimci abin da ke jan mutane. Ruwan yana tasowa ne daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro, ya ratso ƙasar Kudancin Kaduna, sannan ya rabu ta kafofi huɗu a bakin dutse ya faɗo kimanin mita 30 zuwa cikin kwari. Tun daga nesa ake jin rugugi, kuma idan aka matso sai feshin ruwan ya jiƙa tufafin mutum tun bai taɓa kogin ba, wani lokaci har bakan gizo yakan fito a cikin feshin idan rana ta haska shi.

Damuwata ita ce lokacin da ake zaɓa. Dogon hutu yana faɗawa ne tsakanin Yuli da Satumba, wato tsakiyar damina, kuma a wannan yanki ruwan sama ya fi na birnin Kaduna yawa. A lokacin ne magangarar ta fi kyau, a lokacin ne kuma ta fi haɗari. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, ruwa yana iya sauka kamar da bakin ƙwarya a saman duwatsu alhali a inda yake tsaye rana ce tsaka, kuma cikin ɗan lokaci kogin ya cika ya tumbatsa. Mutanen gari sun san alamun: ruwan da yake fari sai ya fara komawa ja, ganyaye da ƙirare su fara biyo shi, ƙarar ta sauya. Ɗan birni da ya duƙufa wajen ɗaukar hoto da wayarsa ba zai lura da ko ɗaya ba. Ga kuma gansakuka da ke lulluɓe duwatsun da feshi ke jiƙawa kullum, wadda santsinta ya isa ya kayar da ƙato, balle yarinyar da ta zo da silifas na roba.

Saboda haka shawarata ga masu shirya irin wannan tafiya ita ce kada su sauka kwarin sai da ɗan jagora daga mutanen yankin, a biya shi hakkinsa, kuma idan ya ce a fito daga ruwa a fito ba tare da gardama ba. A fara gaida masu gari kafin a shiga, domin wurin yana da masu shi, kuma akwai gonakin mutane a kan hanya waɗanda bai dace a tattake su ba. Tafiyar daga Kaduna ta Kachia da Zonkwa ta haura kilomita 200, don haka wanda yake son dawowa a ranar dole ya kama hanya da sassafe, ya bar wurin tun kafin la'asar, saboda halin tsaro bai bar mana tafiyar dare a wannan hanya ba. Wanda kuma yake da zaɓi, ya dakata zuwa Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ruwan bai janye ba amma ambaliya ta yi sauƙi.

Ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma kuwa, abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina otal ba. A sassaƙa matakala a gangaren, a kafa ƙarfen dafawa a wuraren da ke da santsi, a sanya allon gargaɗi da Hausa da Turanci da harshen mutanen yankin, a ajiye mazubin shara domin ledojin ruwa da robobin lemo da baƙi ke watsarwa, sannan a horar da matasan Madakiya aikin jagora da ceto, a ba su shaida. Idan aka karɓi kuɗin shiga, a bar kaso mai tsoka a hannun al'ummar da ke kula da wurin. Ina fata za a fara wannan aiki a rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa kuma ma'aikata za su iya isa bakin dutsen, domin a kammala kafin ɗalibai su sake samun hutu.

Na gode.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna