A duba haɗarin cutar ayaba tun kafin ta shigo mana lambu

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana da ƴan uwana masu lambun ayaba a bakin kogin Shuɗin Nilu anan Sudan, tun daga nan Mai Wurno har Sinja, da ma na Kasala.

Tunda aka samu ɗan sauƙin yaƙin nan mutane sun fara komawa lambunansu, wasu sun tarar ayaba ta bushe saboda an kwashe injin ban ruwa, to yanzun kowa neman ƴaƴan dashe yake ido rufe, duk inda aka ce akwai sai a aika mota a ɗebo da ƙasarsu da komai ba mai tambayar daga wane lambu suka fito. Wallahi abin nan yana hanani barci.

Akwai wata cuta da ake ce ma cutar Panama, sabon nau'inta kuma TR4. Ƙwayar dangin fumfuna ce, a cikin ƙasa take zama, ta saiwa take shiga ta toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Sai kaga tsofaffin ganye sun fara rawaya daga gefe, su karye su rataya a jikin uwar, wani lokacin gindin ya tsage, in ka sara kuma zakaga cikin yayi ja-ja ko ruwan ƙasa. Ba ta da maganin feshi. In ta shiga fili tana iya yin shekara 30 ko fiye tana nan, ko ka tuge ka sake dasawa haka sabuwar zata mutu, mai fili ɗaya ina zai koma?

Tsohon nau'inta ne ya ƙarar da ayabar Gros Michel a Amurka ta tsakiya wajen shekarun 1950, shine duniya ta koma noman wata irin ayaba mai suna Cavendish saboda ita bata kamuwa da wancan tsohon nau'in. To shi wannan sabon nau'in cutar, Cavendish ɗin yake ci, kuma gajeriyar ayabar da mukafi nomawa anan Sudan irinta ce, daga uwa ake cire ƴa a dasa, duk jini ɗaya, abinda ya kashe ɗaya zai kashe saura. An samu cutar a Oman da Jodan, an sameta a Mozambik a 2013, da ta ɓulla a Kolombiya a 2019 sai da gwamnatinsu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan cutar. Oman da Jodan fa ba nesa bane, mutanenmu nawa ne ke aikin gona a can suna dawowa da takalman aikinsu?

Roƙona ga masana na hukumar binciken noma ta Wad Madani da masu kula da shigowar tsirrai a Port Sudan shine a zauna a auna haɗarin nan da gaske, a san ta wace ƙofa zata iya shigowa, dashen da ake kawowa daga waje ne ko tsofaffin tarakta da kayan aiki masu laka a jiki. Ni abinda yafi bani tsoro ruwa ne. Duk kogi ɗaya muke ja, lambu na manne da lambu, in kogi ya cika a watan Agusta yakan kwashi ƙasar wannan ya kai ma wancan, kenan in lambu ɗaya na sama ya kamu na ƙasa basu tsira ba. Ya kamata a lissafa har da masu lodi da direbobi da ƴan kasuwa da ke ci daga ayaba, ba manomi kaɗai ba.

Kuma kar a tada hankali, ba kowace rawaya bace cutar, ruwa in ya kwanta ma yana sa haka, sai an kai ɗakin gwaji ake tabbatarwa, ayabar kanta bata cutar da mai ci. Amma mu manoma mu daina karɓar dashen da bamu san asalinsa ba, mu wanke adda da fartanya in an aro, baƙo ya wanke takalmi kafin ya shiga lambu. Wanda yaga alama kuma kar ya sare ya jefa a kogi dan Allah, ya killace wurin ya tsaida ban ruwa ta nan ya kira malamin gona.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
wani manomin ayaba daga Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan