Wasiƙa zuwa ga ɗana kan tsohuwar 504

Assalamu alaikum ɗana. Da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da zafin Yamai. Mu nan Maradi lafiya lau, alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso, har da jerin abubuwan da kake son yi wa motar kawunka idan ya sallama maka ita. Na ji daɗi ƙwarai, don saurayin da zai ɓata Asabar da Lahadinsa a ƙarƙashin mota ya fi mini wanda zai ƙare su a bakin shayi. Sai dai jerin naka a kife yake. Ka fara da fenti da sabbin ƙafafu da na'urar kiɗa, birki kuwa ban ma gan shi a ciki ba.

Ka fara sanin abin da ka riƙe. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan Faransa ta daina, shi ya sa har gobe kayanta ba su yanke ba a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Wannan shi ne babban rabonka, kuma da shi nake so ka auna kowane canji da za ka yi.

Kafin ka saki ko dala, takardu. Ka ɗauki kartigiris, wato takardar mallakar mota, ka gwada lambar da ke ciki da wadda aka buga a jikin motar, harafi da harafi, ka tabbatar akwai takardar duwan, wato kwastan. A sauya suna zuwa naka tun kawunka yana da rai da lafiya. Zumunci daban, magada daban.

Daga nan sai ƙarfe, kuma nan nake so ka daɗe. Ka ɗage shimfiɗar ƙasa gaba da baya, ka leƙa ƙasan ƙofofi, da gindin gilashin gaba, da inda tayar ajiya ke kwana, da wuraren da ake kafa jak. Motar ta yi damina da yawa a ƙarƙashin dogon yaro, ganye ya toshe magudanan ruwa, ruwan ya kwanta. Ka tafi da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Inda ka soka ya nutse, tsatsa ta gama aikinta. Inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, an taɓa cike wurin da mastik, wato ƙullun da ake liƙe jikin mota da shi, aka rufe da fenti. Irin wannan wuri yankewa ake yi, a ɗora sabon ƙarfe da walda. Duk mai gyaran jikin da ya ce maka zai shafe kawai, ka yi masa godiya ka wuce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Injin kuma kada ka yarda a ɗora batir a murza makulli don a ji kukansa, ko yara sun matsa. A zubar da tsohon mai daga tanki, a cire buji (fulogin da ke ba injin wuta), a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu. Bayan haka a koma kan ruwa: lagireto, famfon ruwa, tiyo duka. Murfin saman silinda na wannan injin na alminiyam ne, idan ya tafasa sau ɗaya a zafin watan Afrilu yana iya lanƙwashewa, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Birki a sake masa ruwa da tiyo da robobi ba tare da an tsaya shawara ba.

Batun sa mata injin wata mota, ban goyi baya ba. Za a yanka mazaunin inji, a ƙirƙiro mahaɗin giya, ranar da ta tsaya maka tsakanin Dogonduci da Birnin Ƙonni babu makaniken da zai gane kanta. Canjin da na yarda da shi wanda ba ya ɓata asali ne: a delko, mai raba wuta ga buji, a cire filatin da ke yanke wutar a sa na lantarki, a ƙara fanka a gaban lagireto, a sabunta wayoyin da suka bushe, a sa bel mai kyau a kujeru. Na'urar sanyi ta jira sai motar ta je Zinder ta dawo allurar zafi ba ta motsa ba. Duk abin da aka cire, a ɗauke shi hoto kafin a kwance, a ajiye shi a kwali da suna.

Kuɗin kuma daga rarar albashi, wata-wata, ba daga cefane ba, ba bashi ba. Ka shaida wa matarka tun yanzu. Abin da makanike ya ƙiyasta, ka sa a ranka zai wuce haka, kuma kada ka biya aiki gaba ɗaya kafin ka gani da idonka.

Idan ka zo hutun Sallah ka taho da kayan aiki, ni zan nemo mai ramin da za mu duba ƙasanta. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jikokinta. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka