A Dakata Da Sayar Wa 'Yan Gwangwan Tsofaffin Kwamfutoci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan tsofaffin kwamfutoci da faya-fayan fulofi, wato faya-fayan da ake ajiye bayanan kwamfuta a kansu a da, da ke jibge a ɗakunan ajiya na gidaje da ofisoshi, waɗanda 'yan gwangwan suke saye a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, su farfasa su cire jan ƙarfen ciki.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mun tarar da kwamfutarsa ƙirar 486 wadda ya saya a Kano tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, tare da faya-fayai 43 a cikin kwali. 'Yan'uwana sun so a haɗa ta da tarkace a sayar, ni kuwa na nemi a ba ni lokaci, domin na san a kanta marigayin yake buga wasiƙunsa da lissafin gonakinsa.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, kuma abu na farko da ya yi shi ne hana ni jona ta da wuta. Da ya buɗe, sai ya nuna mini wani ɗan ƙaramin batir mai kama da ganga a jikin babban allon ciki, wanda ya tsiyaye har ruwansa ya ci layukan jan ƙarfen da ke kusa da shi, suka koma kore. Ya cire batirin, ya goge wurin da ruwan khal sannan da sifirit, ya haɗa layuka biyun da suka yanke da siririyar waya da dalma. Ya kuma auna tukunyar wutar, wato akwatin da ke rarraba wa kwamfutar wuta, da mita ita kaɗai kafin ya mayar da ita.

Wahalar gaske tana wurin na'urorin karanta faifai, domin guda biyu ne a jikinta. Akwai ta faifai mai faɗin inci biyar da kwata, wanda ke ɗaukar megabayit 1.2, da ta ƙaramin faifai mai inci uku da rabi, mai ɗaukar megabayit 1.44, abin da a yau ko hoto ɗaya na wayar hannu da ƙyar zai shige shi. A bakin babbar mun tarar da zanzaro ya gina gidansa na laka, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru kuma ta cakuɗe da tsohon giris ta daskare a kan sandar da kan karatu, wato ɗan abin da ke taɓa faifan yana karanta shi, yake zamewa a kanta. Sai da muka kankare, muka sa sabon giris kaɗan, muka goge kan karatun da auduga da sifirit a hankali, domin idan aka danne shi da ƙarfi ya goce daga saitinsa, mayar da shi sai ƙwararre mai kayan awo.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Wayar da ke haɗa na'urar da allon ciki faffaɗa ce mai ƙafa 34, da jan layi a gefe ɗaya wanda ke nuna ƙafa ta farko. Cikin zumuɗi na soka ta a juye, fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa, ni kuwa na ɗauka alamar lafiya ce, na zura faifan da marigayin ya rubuta wa "Gonaki 1995" da hannunsa. Daga ranar bai sake karantuwa ba. Da na fara gwaji da faifan da ba shi da amfani, da ban yi wannan asara ba. Daga baya na koyi kulle kowane faifai kafin in zura shi: ƙaramin ana tura ɗan marfin da ke kusurwarsa ramin ya buɗe, babban kuwa akasin haka ne, tsagar gefensa ake liƙewa da salatif.

A ƙarshe faya-fayai 31 sun karantu. Sauran, ban da wanda na lalata, zafi da danshin damina sun lalata su, wasu ma da an zura su sai a ji ƙara, fentin jikinsu yana gogewa a kan karatun. Rubuce-rubucen kuwa da manhajar rubutu ta WordPerfect aka buga su, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, amma manhajar LibreOffice ta buɗe su ba gardama. A cikinsu muka ga bashin da wani abokin kasuwancinsa yake bin sa, wanda babu ɗayanmu da ya sani, muka biya kafin a raba gado.

Ranka ya daɗe, an ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, a daidai lokacin da irin waɗannan faya-fayai ne ma'ajiyar kowane mai buga takardu. Kamfanin Sony ya daina yin su tun 2011, kwamfutocin yanzu ba su da ramin jona na'urarsu, kuma na'urar USB da ake samu ƙananan kawai take karantawa. Duk wanda ya sayar da na'urar babban faifai a kilo, ya sayar da makullin abin da ke cikin faifansa ke nan. Don haka ina kira ga sassan koyar da kwamfuta da lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau su tanadi irin wannan kwamfuta ko da guda ɗaya mai aiki, inda jama'a da ma'aikatu za su riƙa kai faya-fayansu a kwafe musu. Tamu tana nan, kuma 'yan'uwana sun amince a ba da aronta ga duk sashen da ya nema.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.