Zuwa ga duk wanda ya ɗauki filodendron daga wurinmu

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Cikin 'yan watannin nan mutane da dama sun dawo mana da filodendron ɗinsu, wato shukar nan ta ado da ake ajiyewa a ɗaki, ganye ya yi rawaya, kara ya yi laushi, suna tambaya ko wata cuta ce ta kama ta. Kusan duk wadda muka zazzage daga tukunya abu ɗaya muka tarar: saiwa ta yi baƙi ta ruɓe, ƙasa jiƙe sharkaf har tana wari. Ruwa ne ya yi mata yawa. A nan muna da namu laifin, domin mun sayar da wasu a cikin tukwane masu kyan gani amma babu huji a gindinsu. Mun daina. Duk wanda ya sayi irin wannan tukunya a hannunmu, ya kawo mu huda masa ita ko mu musanya masa.

Sanin asalin shukar nan zai rage muku wahala. Daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ta fito, kuma sunanta, wanda ya samo asali daga Girkanci, yana nufin mai son bishiya. Masanin tsirrai Heinrich Wilhelm Schott ne ya tabbatar da sunan a 1829. A can daji yawancinsu jikin bishiya suke bi su hau, saiwarsu a waje tana shan iska, ruwan sama ya sauko ya jiƙa ta ya wuce. Shukar da ta saba da haka, in aka dasa ta cikin ƙasa mai danƙo aka riƙa yi mata ban ruwa kullum, shaƙewa take yi. Don haka ku cakuɗa ƙasar da gutsattsarin ɓawon itace domin ta yi sakayau. Kafin ku zuba ruwa, ku nutsa yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3 zuwa 5. In kun ji danshi, ku bari sai wani jiƙon. In ta bushe, ku zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Mu dai ba mu yarda da tsarin "kowace Asabar" ba, saboda ɗaki ya bambanta da ɗaki, lokacin sanyi kuma shanta yana raguwa.

Haske tana sonsa, amma ba rana ido da ido ba, ƙona ganye take yi. Kusa da taga a bayan labule ya wadatar. In kun ga ganye yana fitowa ƙanana, tazara tsakaninsu tana ƙaruwa, duhu ya yi mata yawa. Ta fi sakewa a tsakanin digiri 18 zuwa 27, kada kuma ku ajiye ta a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Mai ganye kamar zuciya, wadda aka fi saya, in kun kafa mata sanda naɗe da gansakuka za ta kama ta hau, ganyenta ya ƙara faɗi. Idan ta yi tsawo, ku yanke ƙasa da gaɓa, ku sa a kofin ruwa. Cikin 'yan makonni saiwa za ta ɓullo, kun samu ta biyu ke nan.

Abu ɗaya muke roƙonku kada ku yi wasa da shi. Ganyenta da kararta suna ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet, wanda ke ƙona baki da kumbura harshe in an tauna. Mai ƙananan yara ko kyanwa ko kare ya ɗora ta inda hannu da baki ba sa kaiwa, a kuma wanke hannu bayan yanka.

Wanda tasa ta fara rawaya kada ya yar da ita tukuna. Ku kawo mu duba saiwar tare. In da gaɓa ɗaya mai rai, za mu yanka mu sake dasa muku.

Naku,
Ma'aikatan gidan renon shuke-shuke