Ba kullum ne laifin sabis ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini. Sana'ata rubuta manhaja, ina kuma koyar da matasa a Zariya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar shafin rajistar ɗalibai ko na biyan kuɗi ya daskare, sai kowa ya ce "sabis ne", a watse. Alhali wani lokaci sabis lafiyarsa lau, manhajar ce ta shiga zagaye, wato maimaita umarni ɗaya, wanda ba ta san hanyar fita daga cikinsa ba.

A watan Janairun 2011, wani masani mai suna Rick Regan ya bayyana cewa idan aka ba PHP, wani harshen rubuta manhajar shafukan intanet, lambar 2.2250738585072011e-308, sai ya tsaya cak. Lamba ce ƙanƙanuwa matuƙa, sifili 307 ne ke bin ɗigo kafin a kai ga biyu. Don mai da ita lissafin da kwamfuta ke ganewa, PHP yakan yi kintace, ya auna, ya ɗan gyara, ya sake aunawa, har sai kuskuren ya yi ƙanƙantar da za a tsaya. To a wasu na'urori masu bit 32, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na riƙe lamba da bit 80 (gurbin sifili ko ɗaya guda 80) lokacin lissafi, maimakon 64 da aka gina dabarar a kai. Sai sharaɗin tsayawa ya ƙi cika. Manhajar ta yi ta juyi wuri guda kamar raƙumin ban ruwa, furosesa ya cika maƙil, masu jira suna ta danna waya.

Abin tsoron shi ne, ko yaro zai iya rubuta lambar a cikin fom ya durƙusar da shafi. Cikin 'yan kwanaki masu PHP suka fitar da sababbin sigogi, 5.3.5 da 5.2.17, kuma kusan kalma ɗaya suka ƙara, volatile, wadda ke tilasta a riƙe lambar da bit 64. Ba a daɗe ba aka gano Java, wani harshen manhaja, ita ma tana da irin ciwon, da lambar da ke da 2012 maimakon 2011 kafin e-308. Kamfanin Oracle, mai Java, ya gyara a Fabrairun 2011, bayan an taɓa kai ƙorafin tun 2001. Shekara goma ke nan!

Ba wai ina cewa wannan lambar ce ke kashe shafukanmu yau ba. Amma na ga hukumomin da suka biya kuɗin gina shafi, ɗan kwangila ya karɓi cikonsa ya tafi, ba wanda ya sake sabunta komai. Ina kira ga masu ba da irin wannan kwangila su rubuta kuɗin kula da sabuntawa a cikin yarjejeniya tun farko. 'Yan uwana malamai kuwa, duk ɗalibin da ya kawo zagaye, a tambaye shi me zai tsayar da shi, kuma ya sa iyakar adadin juyi ko da sharaɗin ya ƙi cika.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Zariya