Ba direbobinmu ne suka kashe titin ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa muku da in bar shi yana cina. Baƙon nan naku ya yi ta nanata cewa tirelolin da ke sauko da kaya daga Arewa su ne suka lalata titin Legas zuwa Ibadan, kuka bar shi yana ta zuba, ba wanda ya tare shi da tambaya ko ɗaya. Haba Malam!

Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, shekarata 19 a harkar kayan gwari. A watan Yulin 2013 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sake gina titin nan mai tsawon kilomita 127, aka ce shekara 4 za a yi a gama. Jonathan ya sauka, Buhari ya hau ya yi shekara 8 shi ma ya sauka, ba a kammala ba. Direba ne ya riƙe kuɗin aikin? Ko yaron mota ne yake toshe hannu ɗaya na titi wata da watanni ya tafi ya bar shingen kankare?

Bari in ba ku abin da ya same ni. A ranin 2022 na yi lodin mota daga Kadawa ta jihar Kano, kwando sama da 400, rabi bashin manoma ne da suka yarda da ni. Motar ta ratso Zariya, ta wuce Ilori da Ibadan lafiya lau. Sai a doguwar gadar nan kafin a shigo Berger a bakin Legas, inda ake hango kasuwar shanu ta Kara, ta kwana ta wuni a gosulo. Tafiyar da ba ta kai minti 30 ba ta rage a iso kasuwa. Na hau acaɓa na je na same su, na tarar ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi kamar an buɗe famfo, ƙudaje sun yi baƙi. A daren nan ɓarayi suka fasa wa yaron motar kai suka ƙwace masa waya. Direban, dattijo mai furfura, ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri idonsa da hawaye, alhali ba abin da ya yi. Filina na gida na sayar kafin na sallami manoman. Wannan bawan Allah ne baƙonku yake kira mai ɓarna.

Ban musa ba, akwai masu lafta wa mota kayan da ya fi ƙarfinta. To a kafa ma'auni a kama su mana. Kuma me ya sa komai ya dawo kan kwalta? Iyayenmu jirgin ƙasa ne yake kawo musu kaya daga Kano har tashar Iddo a Legas. Aka bar layin dogo ya lalace, yanzu ana zagin wanda ya ɗauki nauyin ciyar da gari.

Baƙon naku ya kuma ce talaka mantuwa gare shi, ranar zaɓe ba ya tuna rami. Ya je ya duba sakamakon 2023, inda Tinubu ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a Legas, jihar da ya yi wa gwamna shekara 8. Ban ce titi kaɗai ya jawo ba, amma na san abin da muke faɗa a rumfa, kuma ni ɗin nan ban manta ba. Yanzu kowa titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba yake yabo, kilomita 700. Allah ya sa a gama. Amma wanda ke bin hanyar Abule Egba zuwa Sango da damina shi ma ɗan ƙasa ne.

Sannan layin wayarku. Sau 11 na kira a daren, ba a ɗauka ba, amma muryoyi ukun nan da muka saba ji kowane mako duk sun samu shiga. Ku gyara wannan. Idan kuma za ku sake tayar da maganar titi, ku gayyato direban tirela ɗaya ku ba shi minti biyar.

Mai sauraronku,
daga layin 'yan tumatir, Mile 12, Legas