Kafin a kai rasor ɗin tsohuwar 504 wajen mai walda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da samarin Damagaram a kan wani yayi da ya shigo mana ta wayar hannu. Ni makanike ne, garajina yana Zango, kuma tun ina yaron garaji Peugeot nake kwancewa ina ɗaurawa. Yayin shi ne, yaro ya samu tsohuwar mota, galibi 504 ta mahaifinsa ko ta kawunsa da ta daɗe a ajiye ƙarƙashin bedi kaji na ƙwai a ciki, ya tashe ta, ya yi mata fenti mai ƙyalli, ya sa mata tayoyi masu faɗi, sannan ya ce sai an durƙusar da bayanta ya kusa shafar ƙasa, don haka ya gani a TikTok.

Kada wani ya ce tsoho ne ke ƙyamar abin zamani. Wallahi ba abin da ke faranta mini rai kamar in ji kukan injin 504 da aka tasa daga barci. Da yawansu masu sayen ƙarfe sun sare su sun auna a kilo, kuma duk yaron da ya ƙwaci guda ɗaya daga hannunsu na gode masa. Rigimata da shi a wuri ɗaya take, ranar da zai ciro rasor, wato sifirin a bakin makanikan Kano, ya nufi wajen mai walda da shi.

Wannan ado ba jiya aka fara shi ba, kuma ba don hanyoyinmu aka ƙirƙiro shi ba. 'Yan asalin Meziko mazauna Amurka, musamman a birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya, su suka yi suna da shi tun bayan yaƙin duniya na biyu. Da buhunan yashi suka fara, su jibga a but motar ta zauna, daga baya suka koma yanke rasor. Burinsu tafiya sannu-sannu a kan titi mai santsi jama'a na kallo. A 1958 jihar ta kafa doka cewa kada wani sashe na mota ya sauko ƙasa da gindin ƙarfen taya. Sai suka nemo dabara, suka ɗauko famfunan mai na tsofaffin jiragen sama suka sa a mota, in sun hango ɗan sanda su danna ta miƙe, in sun wuce shi su sauke ta. Sai a farkon 2024 aka janye wannan doka. Ka ga ke nan su kansu masu abin sun daɗe da sanin cewa motar da aka sauke sai an bar mata hanyar tashi. Chevrolet Impala ta 1964 da yaranmu ke kallo tana tsalle a waya, but ɗinta cike yake da famfo da batura a jere, kuma an ƙara wa shasinta ƙarfe don kada ya karye. Mu a nan yankan kawai muka ɗauko.

To ita 504 don me aka yi ta? Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekara ta 2000. Ba kyan fuska ne ya sa ta daɗe haka a ƙasashenmu ba. Dogon rasor ne, da tazara mai yawa da taya ke da ita ta hau ta sauka kafin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Duk wanda ya taɓa shiga ta daga tasha zuwa Kano ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura, mutum bakwai ko fiye da kayansu, ko ya bi da ita ta gargadar hanyar Tanut, ya san abin da nake faɗi. A zamaninmu ɗaga bayan mota muke yi. Mu ƙara lam, wato fallayen ƙarfen da ake jerawa su zama rasor, a a-kori-kura, mu nemo wa salun rasor mai kauri. Motar da bayanta ya zauna, a wurinmu ɗayan biyu ne, ko lodi ya fi ƙarfinta ko rasor ya mutu. Yau ga shi ana biyan kuɗi a mayar da lafiyayya haka, kamar mutum ya sayi ingarma don gudunsa sannan ya sa masa dabaibayi.

Kuma 504 ba iri ɗaya ba ce ta ƙarƙashi. Akwai salun da kowace tayar baya ke da nata hannu da nata rasor mai murɗi. Akwai wadda tayoyin baya biyu ke haɗe da fon guda, wato ƙarfen da ya gitta daga taya zuwa taya, kamar samfurin L. Familiyal, mai dogon baya, tana da fon da rasor huɗu, biyu kowane gefe. A-kori-kura kuwa lam ce gare ta. Kowace da abin da saukewa ke jawo mata, amma sau da yawa mai aikin ko leƙawa bai yi ba.

Mafi munin hanya ita ce ta wuta. A bar rasor a jikin mota, a kunna masa wutar gas har ya yi ja, nauyin mota ya danne shi ya zauna. Minti kaɗan an gama, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka fi son ta. To ƙarfen rasor a masana'anta aka gasa shi aka kashe shi da awo, daga nan ya samu halinsa na lanƙwasa ya dawo. Da zarar ya yi ja a hannun mai walda, wannan hali ya tafi a wurin da wutar ta taɓa. Zai ci gaba da zama a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana kuma ya karye daidai nan, kuma ba ya sallama kafin ya karye. Wannan ba na yin ta, ko nawa za a biya.

Yanka ya fi wuta dama-dama, amma shi ma da lissafinsa. Mutane na zaton in an rage tsawon rasor laushi yake ƙarawa. A'a, tauri yake ƙarawa, don zagayen da ke raba aikin sun ragu. Rasor mai zagaye takwas masu aiki, in ka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. A salun mai hannu-hannu kuma rasor ba a kan taya yake zaune ba, yana tsakanin taya da inda hannun ya kama jikin mota, saboda haka abin da mota za ta sauka ya fi abin da ka yanke. Nan yara ke mamaki, a ce ɗan kaɗan aka cire amma ga taya ta shige cikin jiki. Sannan bakin rasor yana da wurin zamansa da aka yi daidai da shi. In yankan ya ɓata bakin, ko rasor ya gajarce har ya zama in an ɗaga mota da jak yana motsi a hannu, to ranar da mota ta daka tsalle a rami zai iya barin mazauninsa.

Amortisa, wato bututun man nan da ke hana mota ci gaba da lilo, shi ma da tsawonsa aka yi shi. Mota ta sauka, ya rage masa ɗan wurin nutsewa, sai ya riƙa dukan gindinsa har ya zubar da mai. Robar da ke tare hannu kada ya bugi jiki, ita kuma sai ka ga an yanke ta wai tana hana mota zama. Daga nan duk tudun rage gudu da ke bakin gari a hanyar Mirya, ƙashin bayan fasinja da walda ta jikin mota ne ke shanye shi. Tayoyin salun mai hannu-hannu kuma kansu ya karkata ciki, su cinye ta gefen ciki alhali ta waje kamar sababbi. Mai fon kuwa, in tana da sandar nan da ke riƙe shi ta gicciye, saukewa na ture fon zuwa gefe guda, taya ɗaya ta fara gugar jiki. Ban ma yi maganar salansa da tayar ko-ta-kwana da ke rataye a baya ba, lungunan Birni da duwatsunsu za su yi wannan bayani, haka ma zaizayar da ruwan Agusta ke bari a unguwanni.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne birki, don shi ba a ganin sa a hoto. A ƙarƙashin 504 ta baya akwai wani ɗan ƙarfe da bututun man birki ke ratsawa, an haɗa shi da ƙafar baya ta wani ɗan hannu. Aikinsa auna lodi. In mota ba kaya, bayanta a sama, sai ya rage ƙarfin man da ke zuwa birkin baya, don tayar da ba nauyi a kanta saurin kullewa take yi. In an yi lodi bayan ya sauka, sai ya buɗe ya ƙara. Shi ba ya da ido, tsayin mota kawai ya sani. Ka sauke bayan mota ka ƙyale shi yadda yake, kullum zai ɗauka cike take da buhunan gero, ya riƙa tura wa baya cikakken ƙarfi alhali daga direba sai abokinsa. Ranar da ɗan kabu-kabu ya gitta ka taka birki da ƙarfi, musamman inda iska ta watso yashi a kan gudron, tayoyin baya ne za su riga na gaba kullewa, kuma in baya ya kulle sai ya nemi ya wuce gaba. Mota ta juya da kai, sitiyari bai da abin da zai yi maka. Na tambayi yaran da ke zuwa wurina da wannan buƙata, da wuya ka samu wanda ya san akwai wannan ƙarfe a motarsa. A wasu motocin ma tsatsa ta riga ta cinye shi ko an cire an haɗa bututu kai tsaye, wannan kuma wata matsalar ce ta daban.

Fitilun gaba su ma, baya ya sauka sai su ɗaga kai, su bar hanya su shiga idon mai zuwa.

Masu a-kori-kura kuma sai su zare lam ɗaya ko biyu, su manta cewa ƙarfin ɗaukar kayan suka zare. A motocin da fon ke zaune a bisa lam, akwai hanyar da ta fi wannan, a sa ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu a canja ƙusoshin da ke rungume da fon da dogaye, amma na ƙarfe mai kyau, ba rodin gini da aka lanƙwasa aka yi wa zare ba. In kuwa lam ce a bisa fon, tubalin ɗaga motar zai yi, kuma na ga wanda ya biya kuɗin saukewa ya koma gida da mota ta ƙara tsawo.

Duk da haka, mota ta mai ita ce. Wanda ya kafe sai ya sauke, ga yadda nake yarda in sa hannu. Rasor na asali ba za a taɓa shi ba, a ciro shi a shafa masa baƙin mai a ajiye a ɗaka, don irinsa ƙara wuya yake yi, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano sai ka tona kafin ka samu mai rai. A nemo wani a yi gwajin a kansa. A yanka da faifan yankan ƙarfe ana zuba ruwa kada ya yi zafi, rubu'in zagaye, hagu da dama daidai, a mayar a zagaya gari a dawo a auna a wuri mai shimfiɗa kafin a ƙara. Kada saukar ta wuce santimita 3 ko 4, abin da ya haura haka a hanyoyinmu neman magana ne. Robar tarewa ta zauna, a nemo amortisa da ya dace da sabon tsayin, a sake saita ƙarfen birkin nan, a sunkuyar da fitilu. Sannan a gwada ta da mutane a kujerar baya, don na san halinmu, ranar rakiyar amarya ba wanda zai tuna an ce motar ado ce, ƙawayen amarya shida za a cusa a baya da akwatuna a but.

Yaro ɗaya ya ce mini, “Baba, to ai in santimita 4 ne ba wanda zai lura.” Na ce masa ɗana, to ka sa buhu biyu na yashi a but ranar ɗaukar hoto kamar yadda masu abin suka fara, in an gama ka sauke. Dariya ya yi ya tafi, na ji daga baya wani ya yi masa da wuta.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Masu duba lafiyar motoci a wajen bizit, don Allah in tsohuwar mota ta zo bayanta a ƙasa, a sunkuya a duba rasor. Wanda aka gasa ba ya ɓuya, fentinsa ya ƙone kuma zagayensa sun manne wa juna a wuri ɗaya. 'Yan'uwana makanikai da masu walda kuma, in yaro ya kawo irin wannan aiki, a nuna masa ƙarfen birkin nan da yatsa kafin a karɓi kuɗinsa. Duk wanda kuma ya riga ya yanke shawara ba ya son rasor ɗinsa na asali, kada ya kai wa masu kilo, ya kawo Zango ya tambayi garajin tsohon nan mai Peugeot, zan saya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon makanike,
Zango, Damagaram